Kunnen Hagu

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da duwatsun da kake fasawa. Yaya tarin nan naka? Na san ba ka sha maganin ba, don haka ba zan ɓata tawada a kansa ba. Mu nan lafiya lau. Baban yara yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum, ya fi sanin kujerar direba a kan ta falonmu. 'Yarka Aku tana gaishe ka, ko da yake a baki kawai ta san ka, tana goye ka tafi.

Maganar ɗanka Injiniya ce ta sa na ɗauki biro. Likita ya gama dubawa, kunnen hagu ya mutu, ba zai dawo ba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, Yaya, don kawai ya manta littafin lissafi a gida. Malamin ya kwaɗa masa mari, kansa ya bugi gefen allo. Ya dawo jini ya bushe a wuyan rigarsa, ya ce mini wai faɗuwa ya yi. Ƙanwarsa ce ta tona, ka san ba a banza muke ce mata Aku ba.

Washegari na je makarantar. Na ci kwalar mutumin a gaban ajinsa, na jijjiga shi har maɓallai suka zube, na karya bulalarsa a gwiwata. Da ƙyar malamai mata suka ɓanɓare ni. Shugaban makaranta ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ne. Na kama hannun 'ya'yana muka fito, ba mu sake komawa ba.

Yanzu ni ce makarantar. Da safe nakan ture keken ɗinki gefe, teburin yanka ya zama na karatu. Da tef ɗin awo muke lissafi, rabi da kwata ba sa wahalar da yaron da ya ga ana raba yadi. Aku tana rubuta baƙaƙe da allin tela a bayan ƙofa, ƙofar ta zama abin tausayi. Ran Laraba kuwa ba ma zama, fita muke yi mu ga yadda mutane ke aiki. Wannan makon wajen mai gyaran agogo muka je. Injiniya ya tsaya masa a ka yana tambaya har mutumin ya ce in bar masa shi ya huta da neman yaron shago.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Ba a zuwa masa ta hagu, ba a zuwa masa ta baya. Ba ya jin tahowar mutum, sai dai ya ji an taɓa shi, kuma tun marin nan duk wanda ya taɓa shi ba zato, hannu yake kai masa. Jiya ya fasa wa Aku leɓe da gwiwar hannu, sannan ya zauna yana kuka fiye da ita.

Ka aiko mana da hotonka. A wanda nake da shi kana da suma da dogon wuya, yara ba su yarda yayana ne ba.

Taka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Wasiƙarki ta iso a motar kayan abinci, ta sha mai har sai da na ɗaga ta a rana na karanta. Kin san nan babu waya, sai dutse da maza. Lafiyata ƙalau, tarin ma ya yi sauƙi. Ki gaida mai gidan idan Allah Ya sa kin gan shi.

Maganar kunnen yaron ta ƙona mini rai. Da ina nan, da malamin nan bai sake riƙe alli da hannun dama ba. Kin yi daidai da kika ci kwalarsa. Amma daga nan muka rabu.

Ke ce makaranta? Ke da Baba ya sha zagaye gida da ke saboda kin ƙi haddace sau bakwai? Mu ma an doke mu, Auta. Kin manta bel ɗin Baba mai kan ƙarfe? Shatinsa yana nan a kafaɗata har yau, ga ni kuma ina ba ƙarti umarni suna bi. Ki canza musu makaranta, kada ki kulle su a ɗakin ɗinki.

Zancen kada a zo masa ta hagu, kada a zo masa ta baya, sai ka ce doki mai harbi, wannan shagwaɓa ce kike koya masa. Shekaranjiya wasu ma'aikatana biyu suka kaure a kan shebur. Ɗaya ya lallaɓo ta baya ya sauke wa ɗayan shebur ɗin a ƙeya, sai da aka yi masa ɗinki. Na shiga tsakani na gwara kawunansu, yau tare suka ci abinci. Wa ya tambaye shi ta wane gefe yake so a zo masa? Ki bar yaro ya saba da mutane.

Hoto kuma wa zai ɗauke ni a nan? Sumar ta tafi, gemu ya zo, wuyan ya cike. Ki ce musu kawunsu ya fi kowa kyau, ya isa.

Yayanki

*

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na ji tari ya yi sauƙi, na kuma san ƙaryarka tun muna yara. Mu lafiya, sai Aku da ta yi mura ta warke. Babansu ya zo ya yi wanka ya yi barci ya koma.

Shatin bel ba takardar shaida ba ce, Yaya. Ka daina nuna shi kamar lambar yabo. Zan bar maganar a nan don kada takarda ta kama wuta.

Larabar da ta wuce mayanka muka je, darasin zuciya da huhu. Mahaucin ya sa bututu ya hura huhun saniya, ya kumbura a gabanmu. Aku ta yi amai, ta goge baki, ta ce a sake. Injiniya ya riƙe zuciyar da hannu biyu yana neman inda jini ke shiga da inda yake fita. Mun fito muna dariya.

A tasha dariyar ta ƙare. Wata mata ta ƙwala ihu wai ɓarawon yara, ta nuna wani mutum mai jaka a kafaɗa. Kafin ya buɗe baki an kai shi ƙasa. Benci suka ɗauka, Yaya, bencin da fasinjoji ke zama, suna ɗagawa suna saukewa. Masu ƙafa na shuri, masu dutse na jifa. Na rufe fuskar Aku da mayafina, amma Injiniya ya ga komai, har lokacin da mutumin ya daina kare kansa. Ban sani ba ko ya yi, ko bai yi ba. Abin da na sani, a layin bayanmu an ce wata yarinya ta fita sayen sabulu ba ta dawo ba.

Don haka na ƙara darasi, mun sa masa suna darasin kamu. Bayan lissafi nakan saka tsohon kot ɗin babansu da hularsa, in laɓe a bayan ƙofa. Idan Aku ta wuce sai in sure ta ta baya. Aikinta ta yi ihu iya ƙarfinta: “Ba babana ba ne, ban san shi ba, ku taimake ni.” Sannan ta ciji duk inda bakinta ya kai. Ta iya har ta wuce misali, ga shatin haƙoranta a hannuna, maƙwabciya ma ta taɓa shigowa da muciya. Aikin Injiniya kada ya gudu ya bar ƙanwarsa. Na tarar ya saka kwaɗon ƙofa a cikin safa ya ɓoye a jakarsa. Na cire, ya mayar. Na sake cirewa, ya sake mayarwa. Na ƙyale shi.

Gaskiya tsoro nake ji. Muna yawo lokacin da 'ya'yan kowa ke aji, ido yana kanmu, ga gida babu namiji. Amma ba zan fasa fita ba. Larabobin watan nan duk a kasuwa za mu yi su, layin masu hatsi. Wani dattijo mai sikeli ya yarda ya koya musu awo.

Har yanzu ina jiran hoton.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Lafiya lau nake. A tsaye nake rubutun nan don motar na shirin tashi.

Na zo inda kika ce gida babu namiji, na ture kwanon abincina. Ina raye ƙanwata take faɗin haka? Na nemi hutu an ba ni. Sauran labarin, ke da kot ɗin mijinki a bayan ƙofa, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wannan makaranta taki ta fi gidan wasan kwaikwayo.

Ran Laraba ta sama zan sauka. Ba zan biya gida ba, kai tsaye layin masu hatsi zan zo in same ku. Kada ki gaya musu. So nake in ɗaga Aku sama yadda nake ɗaga ki kina ƙarama, in ga idonta. Na saya wa Injiniya ƙananan sukudireba na gyaran agogo, tunda kin ce can ya nufa.

Sai na zo.

Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Yaya haƙarƙarin, yaya muƙamuƙin, yaya hannun? Allah Ya ba ka lafiya. Na je asibiti da safe da fulas ɗin shayi, na tarar da wani a gadonka. Nas ta ce ka matsa sai da aka sallame ka, ka hau mota ka koma wajen aiki. Ko gidan ba ka leƙo ba.

Wasiƙarka mai cewa kada in gaya musu ta iso jiya. Ruwa ya cinye hanya, motar ta yi kwanaki a can. Na karanta ta a tsaye, na zauna a ƙasa.

Ka ce mini ba ka tuna komai daga lokacin da ka ɗaga ta. A asibiti na kasa faɗa maka. Ga shi.

Ina cikin rumfar mai sikeli ina taya shi ɗaure buhu, yara suna bakin hanya suna auna wake. Sai na ji muryar Aku, kalma bayan kalma, yadda na koya mata. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, ta yi daidai. Na fito da gudu na ga wani ƙaton mutum mai sanƙo da gemu ya ɗaga 'yata sama yana dariya, haƙoranta a wuyan hannunsa. Na ga ya matsa wajen Injiniya, ta baya, ta hagu, ya dafa kafaɗarsa. Daga baya mai rumfar kusa ta ce kana ta faɗin, “Injiniya, kawunka ne.” A mataccen kunnen kake faɗa.

Safar ta fito daga jaka. Na ji ƙarar kwaɗon a gefen kanka daga inda nake. Ka yi tangaɗi, amma sai da ka dire Aku a kan ƙafafunta kafin ka faɗi. Wannan ba ya fita daga idona.

Daga nan kasuwa ta rufe ka. Masu dako da katako, mata da takalma, wani da dutsen sikeli a hannu yana neman inda zai sauke. Wani yana tambayar wa ke da fetur. Ni ma na ce a kama shi, Yaya, da bakina na faɗa. Na rungume yaran ina kallo. Sai rigarka ta yage daga wuya har baya, na ga shatin bel ɗin Baba a kafaɗarka.

Ban san yadda na keta su ba. Na kwanta a kanka ina cewa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Suka ce bakinmu ɗaya da ɓarawo. Katako biyu sun sauka a bayana, an taka mini yatsa ya karye. Dattijon nan mai sikeli ne ya tsaya a kanmu da ƙarfen rataye buhu, yana rantsuwa zai fasa kan duk wanda ya matso, har 'yan sanda suka iso. Da aka ɗauke ka, ƙananan sukudireban sun warwatse cikin wake da jini. Injiniya ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Aku ta warware, yarinya ce. Injiniya ne abin damuwar. Ran da muka dawo ya ɗauko bel ɗin babansa ya ajiye a kan keken ɗinki, ya tuɓe riga ya juya mini baya. Na jefar da bel ɗin a saman kwaba. Tun daga nan shi yake hukunta kansa. Sai in ji tim, tim daga banɗaki, in je in tarar yana naushin kunnensa na dama, mai lafiyar. Ba ya zuwa teburin karatu. Tambaya ɗaya yake yi: “Mama, ya mutu ko?” Na ce kana raye. Ya ce to me ya sa ba ka zo ba. Yau da na dawo da fulas a cike, ya kalle shi, ya shiga ƙarƙashin teburin yanka bai fito ba.

Layi ɗaya za ka rubuto masa da hannunka. Makaranta kuma, wataƙila kai ne mai gaskiya. Ina tunanin mayar da su.

Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata jiki da sauƙi. Mu ba lafiya ba.

Motar ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. Na tare direban da kaina, ya ce ya gan ka zaune a ƙofar sito, ya miƙa maka wasiƙata hannu da hannu. Ke nan ka karanta ka yi shiru.

Idan fushi kake, da ni za ka yi. Ni na saka kot, ni na koya ihun, ni na ga kwaɗo na ƙyale. Yaron nan ya rame har wandonsa na zamewa. Shekaranjiya kunnen dama ya fitar da ruwa, likita ya ce idan bai daina dukansa ba za a rasa shi shi ma. Yanzu da zare nake ɗaure hannunsa a nawa idan zan yi ɗinki, kamar ɗan akuya. Babansu ma ya ajiye mota ya zauna da shi.

Ka ce mu ma an doke mu mun zama mutane. To ka zama mutum, ka ɗauki biro.

Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Jiki da sauƙi, wannan karon ba ƙarya. Ki gaida mai gidan, ki ce na gode da ya ajiye motar. Yaya yatsan?

Kin ce da hannuna. Hannun yana cikin filasta, jiya aka cire. Akawu ya ce in faɗa ya rubuta, na ƙi, don yaron zai ga ba rubutuna ba ne ya ce an ɓoye masa mutuwata. Ban yi tunanin shirun zai ci shi haka ba. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza.

Ba fushi ya kore ni ba. Madubin banɗakin asibiti ne. Na ga abin da ke ciki na ce yaran da ba su taɓa sanin fuskata ba, ba wannan za su fara sani ba. Kumburin ya saɓe yanzu. Direban ya ɗauke ni hoto, ga shi nan ciki. Ki manna shi a bayan ƙofa, kusa da baƙaƙen Aku.

Ni ma kunnena na hagu ya tafi. Likitan nan ya tabbatar. An cire ni daga wajen fasa dutse, don ba na gane ta ina jiniyar gargaɗi ke kuka, an mayar da ni sito. Makon jiya mai dafa mana abinci ya zo ta bayana da kofin shayi, ya taɓa kafaɗata. Ban san lokacin da na kai shi ƙasa ba, mutum mai furfura. Na zauna a kan buhu. Na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa.

Makaranta ke kika san 'ya'yanki, na cire bakina. Darasin kamu kada ki daina, yarinyar ta yi daidai. Kwaɗon dai a mayar da shi ƙofa. Sauran na Injiniya ne, ki miƙa masa ya karanta da kansa.

Injiniya, kawunka ne. Ban mutu ba. Wani ƙato ya sure ƙanwarka, ba ka gudu ba. Da ni ne a wurinka, abin da zan yi ke nan. An gaya mini kada in zo maka ta hagu, na yi dariya na zo. Ko kwaɗonka ne ya kashe kunnen, ko dutsen sikeli, ko takalmin wani, likita bai sani ba, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani, ɗaya ya rage maka, ɗaya ya rage mini. Ka daina dukan naka, ina da maganar da zan zuba a ciki.

Zan zo Larabar ƙarshen wata. Zan ƙwanƙwasa ƙofa, in ja baya, in tsaya inda za ka gan ni. Na yi lissafin zamanmu: idan muka jera, dole ɗayanmu ya samu mataccen kunnen ɗayan. Sai dai mu zauna muna fuskantar juna. Ka fito daga ƙarƙashin teburin ka share samansa, ka jera sukudireban nan. Agogona ya tsaya tun ranar kasuwa, kuma ban ba kowa ya taɓa shi ba.

Kawunka